Minti uku a kan dandamali, riga huɗu a jaka

Nura Fagge:
Assalamu alaikum. Ƙorafi na zo da shi, da kuma neman shawara, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Jiya Asabar na shiga gasar baje dabarun manhaja, wadda yaranmu ke ce wa fichin. Ba zan kama sunan masu shiryawa ba. Mu goma sha biyu muka kai zagayen ƙarshe, kowa minti uku, sai alƙalai su yi tambaya na minti biyu. Abin da na kai shi ne manhajar nan tawa ta littafin bashi: mai shago ya shigar da wanda ya ɗauki kaya, nawa ya bayar, nawa ya rage, in ranar alkawari ta yi ta tura wa mutum saƙon tuni da Hausa. Ko ba data tana aiki. Shago arba'in da ɗaya ke amfani da ita tsakanin Kwari da Singa, tara a ciki suna biyana dubu ɗaya da ɗari biyar duk wata.

Da na hau, wayata ta ƙi haɗuwa da majigi. Ga wani agogo mai jan lamba a gabana yana cin lokaci, ni ina ta fama da igiya, wani yaro yana ce min in juya ta. Kafin hoto ya fito kusan minti ɗaya ya tafi. Tambayar farko da aka yi min ita ce kasuwar nan dala nawa ce girmanta. Ta biyu, yaushe zan shiga Kenya. Ni da ko Kurmi ban gama shiga ba.

Wanda ya ci, Allah ya sanya masa albarka, bai da ko layi ɗaya na manhaja da ya rubuta. Hotuna goma ne kawai a majigi, ƙirƙirarriyar basira za ta haɗa manoman Afirka duka da kasuwar duniya. Amma Turanci kamar ruwan famfo. Wannan ce gasa ta huɗu da na shiga bana. Akwai wata a Abuja wata mai zuwa, kuɗin fom dubu goma sha biyar. In je ko in haƙura?

Baban Khairat:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari. An dai ba ku abinci ko? Ni a irin tarukan nan abin da na shaida ana rabawa da adalci shi ne shinkafar roba da riga mai tambari.

Nura Fagge:
An ba mu, har da jaka. Riga huɗu ke nan na tara.

Zainab Samaru:
Yaya Nura, ni na taɓa ci, bari in ba ka labarin ɓangaren da ba a sa wa a hoto. Farkon 2023 ne, da manhajar tunatar da masu juna biyu ranar awo. Aka miƙo min wani ƙaton cek na kwali, tsawonsa ya kusa kai ni, an rubuta naira miliyan biyu. A tasha direban Zariya ya ce sai dai in biya masa kuɗin kujera, don ba zai shiga but ba. Na biya. Kafin in iso gida hoton ya riga ni. Washegari da sassafe kawuna ya zo taya murna, daga nan ya gangaro kan rancen kuɗin taki. Na rantse masa ko sisi ban gani ba, ya dube ni ya dubi kwalin da ke jingine a falo, ya tashi ya fita. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Kuɗin kuma fa? Da farko aka ce ba a tura wa asusun mutum, sai na kamfani. Rajistar da nake da ita ta sunan kasuwanci ce, suka ce sai cikakken kamfani mai hannun jari. Na koma CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na nemo lambar haraji, na buɗe asusu, duk da kuɗin aljihuna. Sai aka ce kashi-kashi za a biya, kowane kashi sai na kawo rahoto. Rabin farko ya shigo bayan wata takwas. A tsakanin nan aka saki naira a watan Yuni, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700, kafin a shiga tsakiyar 2024 kowa ya ga inda ta kai. Ni kuwa hayar rumbun da manhajar ke zaune a kai da dala ake biya. Rabi na biyu har yanzu ana kan aiki a kai, haka suke ce min.

Kwalin yana nan. Mama na shanya kuɓewa a kansa.

Baban Khairat:
To ai bai tafi a banza ba, miyar gidan ta ƙaru.

Habu Tudun Wada:
Ni dama na daɗe ina faɗa a zauren nan, duk wasan kwaikwayo ne. Tun kafin a kunna majigi an san wanda zai ci. Ana tara ku ne a cika kujeru, a ɗauki hoto, a kai wa Turawan da suka ba da kuɗin taron. Kuma in ba ɗan Legas ba ne kai, ko wanda ya yi karatu a waje, kar ma ka ɓata kuɗin mota.

Anti Bilki:
Habu, yi a hankali. Na zauna a kujerar alƙalanci sau da dama, a Abuja da Kaduna, kuma ban taɓa shiga inda aka miƙo min sunan wanda zai ci ba. Ban ce ba a yi a wani wuri ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Matsalar da na sani ta fi magudi sauƙi, ta kuma fi shi ban haushi. Ana ba mu takarda mai gida shida ko bakwai: matsalar da za a warware, maganin da aka kawo, girman kasuwa, su wa ke cikin tafiyar, ta ina kuɗi zai shigo, wace shaida ce ke nuna mutane na so. Kowane gida maki goma. Mutum goma sha biyu cikin awa biyu, ba mu taɓa ganinsu ba, ba mu taɓa manhajar da hannunmu ba. Abin da bakinka ya furta shi kaɗai muke iya ba wa maki. Abin da ka bari a cikinka sifili ne.

Nura, tambaya ɗaya zan yi maka. Maganar shago tara da ke biyanka duk wata, a minti na nawa ka faɗe ta?

Nura Fagge:
Anti, ban kai wurin ba. A shafi na takwas take, ƙararrawa ta kaɗa ina na biyar.

Anti Bilki:
Inna lillahi. Ka je da zinariya ka bar ta a ƙasan jaka, ka tsaya nuna mana jakar. Me ke shafi na ɗaya zuwa na biyar?

Nura Fagge:
Gabatar da kaina, tarihin kasuwancin Kano, matsalar bashi, sai yadda aka gina manhajar.

Anti Bilki:
Tarihin kasuwancin Kano! Ƙanina, ai ba jarrabawar digiri ba ce. Da ni ce kai, jimlar farko da zan buɗe baki da ita: 'yan kasuwa tara a Kantin Kwari suna ciro kuɗi daga aljihunsu duk wata suna ba ni, ga dalili. Wallahi duk alƙalin da ke danna waya sai ya ɗago kai. A cikin mutum goma sha biyun nan zan yi mamaki in akwai uku da wani ya taɓa biya ko naira ɗaya. Kuma kar ka sake dogara da haɗa waya da majigi a kan dandamali. Ɗauki bidiyon daƙiƙa ashirin, hannun mai shago na gaske yana shigar da bashi, hayaniyar kasuwa na tashi a baya, ka sa a cikin shafukan tun daga gida.

Abu na biyu, wanda ba a cika faɗa muku ba: kafin ka cika fom, duba tambarin da ke ƙasan fostar. Wanda ya ba da kuɗin kyauta shi ke da taken. In banki ne, yana neman abin da zai jawo masa sabbin asusu. In ƙungiyar agaji ce ta waje, tana neman abin da za ta rubuta a rahotonta, mata nawa, matasa nawa, manoma nawa. In kamfanin sadarwa ne, abin da zai ci data. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, har mu alƙalan. Mai yiwuwa yaron da ya ci ba Turanci kaɗai ya fi ka ba, ya karanta fostar ne.

Nura Fagge:
Gaskiya taken noma ne da samar da abinci. Na ɗauka tunda 'yan Singa kayan abinci suke sayarwa zan shiga ciki.

Baban Khairat:
Ka kai akuya kasuwar raƙuma ka dawo kana cewa dillalai ba su da adalci.

Habu Tudun Wada:
Duk da haka Anti ba ki amsa maganar Legas ba.

Anti Bilki:
Kuɗin masu zuba jari yawancinsa a Legas yake sauka, wannan ba a musu. Tun da aka buɗe cibiyar fasaha ta CcHub a Yaba a 2011 suke gina sanayya, har Mark Zuckerberg ya je wurin a 2016. Mu nan CoLab ta Kaduna sai a 2016 ɗin ta fara. Tazarar shekaru ce da ta mutane, wa ya san wa. Amma a kan gasa kanta, ka tuna da TechCrunch, jaridar fasahar nan ta Amurka, suka kawo tasu Legas a ƙarshen 2018, a tsakiyar 'yan Legas ɗin, kamfanin Yuganda ne ya ɗauke dala 25,000, M-SCAN, masu ƙaramar na'urar hoton ciki. Shekarar da ta gabace ta a Nairobi aka yi, Lori Systems suka ci.

Inda zan bi bayanka shi ne harshe. Na ga yarinya daga Gusau da ta san harkarta ciki da bai, ta tsaya tana in'ina saboda tana fassara kanta a ka kafin ta furta. Da aka fita shan shayi ta yi min bayanin da Hausa cikin minti ɗaya, na ji kamar in karɓo takardar makina in gyara. Gasar da ake yi a Kano, don 'yan Kano, masu sayen abin Hausawa, ban ga abin da zai hana a bar mutum ya zaɓi harshen da zai yi magana ba. Na faɗa wa masu shiryawa fiye da sau ɗaya. Amsarsu kullum ita ce baƙin da aka gayyato ba sa ji.

Habu Tudun Wada:
A nemo tafinta mana. A kotu ma ana yi.

Malam Sani Poly:
Salamu alaikum. Na biyo zancen tun daga sama, sai yanzu na fito daga aji. Ina ganin muna cakuɗa abu uku da ba ɗaya ba ne, kuma cakuɗawar ce ke sa yaranmu takaici.

Akwai gasa: ka yi magana, a tafa, a ba mutum ɗaya ko uku kyauta. Akwai tallafi, irin na Gidauniyar Tony Elumelu da ta fara a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 ga mutum 10,000 cikin shekara goma. Nan horo ake yi na makonni, ka rubuta tsarin kasuwanci, wanda ya tsallake a ba shi dala 5,000 da ba a biya, kuma ba mutum ɗaya ake ba wa ba. Sai kuma jari, inda mai kuɗi ke sayen wani yanki na kamfaninka. Y Combinator ta Amurka, da kowa ke ambata kamar gasa, ba gasa ba ce, saye suke. Tsarinsu tun 2022 shi ne dala 125,000 a kan kashi 7 cikin ɗari, da ƙarin 375,000 da za ta koma hannun jari daga baya. Ranar baje kolin da suke yi a ƙarshe, bayan wata uku ana aiki take zuwa, kuma waɗanda ke zaune a ɗakin masu rubuta cek na gaske ne, ba na kwali irin na Zainab ba.

Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ta nan ta bi. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun shiga a farkon 2016, su ne kamfanin Najeriya na farko da aka ɗauka, Stripe ta saye su a Oktoban 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Ba kofi suka tara ba, 'yan kasuwa masu karɓar kuɗi ta hanyarsu suka tara.

Wani labari da nake ba ɗalibaina: a taron TechCrunch50 na 2008, Dropbox na cikin waɗanda suka hau dandamali, ba ta ci ba. Yammer ce ta ci.

Habu Tudun Wada:
Ka ji ko! Alƙalai ba su san komai ba.

Malam Sani Poly:
Ban gama ba, Habu. Microsoft ta sayi Yammer ɗin a 2012 a kan dala biliyan 1.2. Ka ga alƙalan ba su yi shirme ba, kuma wanda ya faɗi bai mutu ba. Abin da nake so ɗalibi ya ɗauka shi ne, hukuncin ranar ba shi ne ya yanke makomar ɗayansu ba. Haka tara kuɗi ma ba shi ne tsira ba. 54gene, kamfanin binciken ƙwayoyin halitta na Najeriya, ta bi ta Y Combinator, ta tara wajen dala miliyan 45, a 2023 ta rufe.

Ku kuma lura, manyan gasannin ma ba dabara tsurarta suke saye ba. Ta gidauniyar Jack Ma, wadda Temie Giwa-Tubosun ta LifeBank ta ci a Akara a 2019 ta samu dala 250,000, sharaɗinta sai kamfani ya yi shekara uku yana aiki yana samun kuɗi. Masu cewa kawo mana tunaninka kawai, ƙananan ne, kuma su ne suka fi yawan hoto.

Sadiya Kabuga:
Malam, ni tsorona daban ne. Ina da dabara amma na ƙi kai ta ko'ina, kar in faɗa a gaban mutum ɗari wani mai kuɗi ya je ya aiwatar. Ba a sa alƙalai su sa hannu cewa ba za su fitar ba?

Anti Bilki:
Ba mai sa miki hannu, ƙanwata. Wanda ke jin dabara hamsin a wata, in ya sa wa kowa hannu ai ya ɗaure kansa. Faɗi abin da manhajar ke yi, ki riƙe yadda take yi a cikinki.

Malam Sani Poly:
Sadiya, ɗauki ta Nura misali. Littafin bashi a waya ba sabon abu ba ne. A Indiya akwai Khatabook da OkCredit, miliyoyin masu shago sun sauke su. A nan gida Kippa ta fito da irinsa a 2021, ta tara miliyoyin daloli, amma a 2023 ta rage ma'aikata ta rufe wani sashe na harkarta. Inda kowa ke karo shi ne mai shago zai sauke kyauta, amma ya biya, nan ake yin ta. Wanda zai saci dabarar Nura sai ya saci zaman da ya yi a kan bencin shagunan nan har aka yarda aka nuna masa littafin bashi, abin da ɗan kasuwa ba ya nuna wa ko matarsa.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan abin da Turanci ke muku, Faransanci ke muna. Yaro na da aiki mai kyau, sai a ce ya zo Yamai ya yi bayani gaban mutane masu kwat, nan take sai ya rikice. Akwai CIPMEN a Yamai da ke horar da matasa kan haka, amma daga Maraɗi zuwa can tafiyar yini ce.

Sai dai muna da wanda gasa ta yi wa rana, Abdou Maman Kané, mai na'urar ban ruwa da wayar salula. Manomi na zaune gida ya kira lamba, famfo ya tashi a garka, ya sake kira ya tsaya. Ya samu kyautar kamfanin sadarwa na Orange a 2011, ya kuma samu babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Amma shi abin da ya kai ana iya gani, a danna waya ruwa ya zubo. Gani ya kori ji, ko da wane harshe ne.

Malam Nura, tambayata: manhajarka na lissafi da sefa? 'Yan kasuwarmu da yawa a Kwari suke ɗauko atamfa da shadda bashi, su sayar nan da sefa, su biya can da naira. Rigimar da ake yi kullum a kan canjin ranar da aka ɗauki kaya ne ko na ranar biya. Kuma ka sani mu da dala muke ƙirga, ba ta Amurka ba, dala ɗaya sefa biyar ce. In mutum ya ce dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. In ka sa masa lamba yadda take a takardar kuɗi sai ya ce ka cuce shi.

Nura Fagge:
Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba. Naira kawai take yi. Ka ga alƙali ya ce in tafi Kenya, ashe Maraɗi na nan kusa.

Baban Khairat:
Da ka ce musu kasuwarka ta kai dala miliyan ɗari, ba ka yi ƙarya ba, ta Maraɗi kake nufi.

Sadiya Kabuga:
Allah gafarta Malam Kabiru, in kana kusa, kuɗin fom ɗin nan dubu goma sha biyar, ya halatta kuwa? Ni abin ya yi min kama da wani abu.

Ustaz Kabiru:
Ina nan, ina karatu ne a hankali. Ba fatawa zan bayar ba, abin da na fahimta daga malamai zan faɗa. In wani ne daga gefe ya sa kyautar, banki ko gwamnati ko wani mai hali, ya ce wanda ya fi iya kaza zan ba shi kaza, ba a ganin laifi a nan. Inda ake jin tsoro shi ne a tara kuɗin masu shiga, daga cikinsa a ciro kyautar, kowa ya sa nasa yana fatan ya kwashe na sauran. Wannan ya kusanci caca ko da an sa masa riga mai tambari. Don haka Nura ya tambaye su a rubuce: kuɗin fom ɗin na mene ne, kyautar kuma daga aljihun wa za ta fito. In suka kama kame-kame, ka samu amsarka.

Wani abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne takardar da ake sa hannu bayan an ci. Wata kyautar ba kyauta ba ce, bashi ne da zai rikiɗe ya zama hannun jari, kuma kafin ya rikiɗe yana tara ruwa duk shekara. Wannan ruwan riba ne, sunan da aka ba takardar bai canza shi ba.

Malam Sani Poly:
Haka ne. Shi ya sa wasu suka fi son takardar da ake kira SAFE, wadda Y Combinator ta fito da ita a 2013. Ita ba ruwa a cikinta, ba kuma ranar biya. Mai kuɗi ya ba ka yau, ya karɓi hannun jari ranar da manyan masu jari suka shigo aka yi wa kamfanin farashi.

Ustaz Kabiru:
Ta tsira daga ruwa, amma sai a duba jahilcin da ke cikinta, tunda ranar ƙulla ciniki ba wanda ya san kason da aka saya. Wannan sai an zauna da takardar a gaba, da malami da lauya. Mu dai musharaka da muka sani, ana faɗin kaso tun farko, riba tare, asara tare.

Zainab Samaru:
Ƙari a kan na Malam: duk gasar da ta ce wanda ya fi tara ƙuri'a a Instagram ko Facebook shi ne zai wuce, ku gudu. Talla kuke yi musu kyauta. Na taɓa kwana uku ina roƙon dangi da 'yan ajinmu su danna, wani ya je ya sayi ƙuri'a dubu biyar cikin dare ɗaya. Kuma Yaya Nura, ko ba don gasa ba ka yi rajistar cikakken kamfani tun yanzu. Dokar sabbin kamfanonin fasaha da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ma, kafin a ba ka shaidarta sai kana da wannan rajistar, kuma kamfanin bai wuce shekara goma ba. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ke riƙe da sakatariyar. Suna kuma da shirin iHatch tare da hukumar JICA ta Japan, ba a biyan kuɗin shiga.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Salamu alaikum. Yarona ne ya sa ni a wannan zaure tun bara, ban taɓa magana ba don yawancin abin da kuke faɗa ba na ganewa. Yau na ga sunan Nura, na sa aka karanta min tun daga farko.

Nura, ni ina cikin taran da kake faɗa. Ranar Talata wayar yaron shagona ta faɗa kwata a bakin layi, ta mutu. Bashin mutum sittin da wani abu na ciki, har da na mutanen Agadas da ba sa zuwa sai bayan wata biyu. Na kira ka Talata, na kira Laraba sau biyu. Ka turo min saƙo cewa kana shirin wani taro, za ka zo. Ashe taron ke nan. Da ba don ban yar da tsohon littafina ba, ina sa yaro yana kwafa a ciki duk yamma, da yanzu ina zan ce na dosa?

Ban faɗa don in kunyata ka ba, kai ɗana ne, kuma abinka yana da amfani. Saƙon tunin nan ya karɓo min kuɗin da na riga na fidda rai, don mutum ya fi jin nauyin saƙo a rubuce fiye da yaro ya je masa. Amma mu a kasuwa, kafin in ɗauki jari in ba yaro, sai ya yi shekaru a gabana, na ga yadda yake da kuɗin mutane, na ga ko yana buɗe shago ranar da ba ya jin daɗi. Ban san yadda ake gane wannan a minti uku ba. Wataƙila su masu boko sun san hanya.

Nura Fagge:
Ranka ya daɗe, ban da bakin magana. Laifina ne, a gafarce ni. Bayanan ba su ɓata ba in dai wayar ta hau intanet kafin ta faɗi, akwai kwafi. In kuma ta kwana biyu ba data, na kwanakin nan ne za mu cike daga littafi.

Alhaji Ɗanlami Kwari:
To ka ga wannan "in dai" ɗin, ita ce ba na so. Ka gyara ta yadda ko waya ta mutu zan ga lissafina a tawa wayar a ranar. Ka kuma sa ta riƙa fitar da 'yar takarda irin ta masu POS, don mutanen ƙauye sai sun riƙe abu a hannu suke yarda. In ka yi waɗannan biyun, ni zan kai ka gaban shugabannin layinmu da kaina. Shago ya fi ɗari a layin. Ba kuma minti uku za su ba ka ba, sai ka gaji da tambaya.

Zainab Samaru:
Na farkon ba wuya, Yaya Nura. Ka sa duk bashin da aka shigar ya tura gajeren saƙon tes zuwa lambar mai shagon nan take, ko ba data zai tafi. Kuɗin saƙon ka ɗora a kan na wata. Ƙaramar firintar kuma ana samun mai haɗuwa da waya ba igiya, na taɓa haɗa irinta, zan turo maka abin da na rubuta.

Anti Bilki:
Alhaji ya gama magana. Nura, ta Abujan nan ka aika musu tambayar Ustaz tukuna. Ta Elumelu a watan Janairu ake buɗewa kuma kyauta ce, kana da lokaci. In za ka sake hawa wani dandamali, kira ni kwana biyu kafin ranar, in sa maka agogo ka yi min a waya har sai shago taran nan sun fito a numfashin farko.

Habu Tudun Wada:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan tafinta.

Issoufou Maraɗi:
Malam Nura, in ka sa sefa ka gaya mini, akwai mutum uku nan babbar kasuwa da za su gwada. Amma da dala za su ƙirga, na gaya maka.

Nura Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Dubu sha biyar ɗin firinta zan saya da ita. Alhaji, gobe Litinin bayan azahar ina shago in sha Allah.

Baban Khairat:
Tunda ka tuba, rigunan nan huɗu akwai mai girman ƙato a ciki?

Alhaji Ɗanlami Kwari:
Allah ya kai mu. Ka taho da wayarka a cike, tun Laraba ba wuta a layinmu.